Tsagen Gobir a Kumatun Sammani

*SHAFI NA 27*

Da sunan Allah mai jin ƙai. Masu cewa jiya na bar ku tsaye a bakin gulbi, ga shi yau na ƙetaro da ku. Wanda bai samu shafukan baya ba: muna garin Isa da ke hannun mutanen jihadi, a shekarun da Gobirawa suka kafa Sabon Birni suna ja da su. Almu, mijin Saude, ya bi mahaifiyarsa can Sabon Birni tun Saude na da ciki, ita kuwa ta koma gidan ubanta, Malam Atiku, ta haihu. Ku gyara zama.

*

Manzon alƙali bai tsaya gaisuwa ba wannan karon. Daga bakin zauren Malam Atiku ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"A gaya ma Saude, alƙali ya ce wata ya tsaya har ya yi ƙwari, ba a kawo yaro ba. In hantsi ya ɗaga ba ta zo da ƙafarta ba, dogarai za su zo su rako ta."

Saude na ƙuryar ɗaki, tana jin kowace kalma kamar a cikin ƙirjinta ake faɗin ta. Ta ƙara rungume ɗanta Sammani, ta gyara ƙyallen da ta lulluɓe masa fuska da shi. Yaron ya yi ɗan kuka ya koma barci.

Sai ta ji takun takalmi ya wuce turaka, ya wuce madafa, ya tsaya a ƙofarta.

Tun da ta dawo gidan nan mahaifinta bai taɓa leƙa ɗakinta ba. Yau sai ga shi ya ɗage asabari da kansa.

"Saude."

"Na'am, Baba."

"Kin ce mini ƙyanda. Na tashi da gemuna na gaya ma manzon alƙali ƙyanda. Wace irin ƙyanda ta da ba zazzaɓi, ba a kira mai magani ba, ba a ji warin jiƙo a gidan ga ba?"

"Baba, sauƙi ya fara…"

"Ɗaga ƙyallen."

"Iska za ta…"

"Ɗaga, nac ce."

Ta ɗaga.

Daga gefen bakin yaron zanen ya taso, siriri-siriri, ya bazu a kumatu biyu har kusa da kunne. An shafe shi da baƙin tukunya, ya fara yin ɓawo. Tsagen Gobir, cikakke, ba a rage ko ɗaya ba.

Malam Atiku ya dafa bango. Tasbaharsa ta zame ta faɗi, bai ko duba ta ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Baba…"

"Ran suna ni da bakina nah hana a taɓa fuskar yaron ga. Duk wanzamin da ke Isa ya san na hana, babu mai ɗora aska a kan jikana. To ke, ba Tozai kinka tahi wajen gwaggonki ba. Ina kinka kai shi?"

Ta zube a gwiwa, goshinta ya kusa taɓa ƙafarsa.

"Sabon Birni."

Tsohon ya runtse ido.

"Ko kin manta ranar da munka tsaya gaban alƙali? Labbo, yayan mijinki, ya ce za ki gudu da yaro wajen abokan gaba, a karɓe a ba shi. Alƙali ya ce uwa ta fi kowa cancantar riƙo, amma bisa sharaɗi: kada yaro shi fita ƙasar Isa, kuma duk tsayuwar wata a kai shi a gani. Wa ya ɗaga hannu yac ce ya tsaya miki?"

"Kai na, Baba."

"Ni na. To mi nay yi miki?"

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ake dannewa kwana da kwanaki.

"An soke shi da mashi, Baba. A haƙarƙari. An ce mini ba zai ga girbi ba. Bai taɓa ganin ɗanai ba, ko sau ɗaya. Na ce za ni tahi in nuna mai shi in komo, ba wanda zai sani."

Ba ta gaya wa mahaifinta sauran ba, don ba maganar da ake faɗa wa uba ba ce. Ba ta gaya masa yadda ta tarar da Almu a kan tabarma ya rame har ta so ta kasa gane shi ba, da yadda idanunsa suka kawo haske da ta shigo, kamar an ƙara wa fitila mai. Ya ce ta ɗora masa yaron a ƙirji. Ta ce ciwonka fa? Ya ce ɗora shi a kan ciwon ma, nan ya fi buƙata. Ya yi dariya har jini ya ɓata tsumman da aka ɗaure shi da shi, yana cewa hancinki ya sato, Saude, amma goshin nawa ne, ba ki isa ki musa ba.

Abin da ta iya faɗi shi ne na Inno, surukarta.

"Inno ta ce in kawo shi ta yi mai wanka, ni in zauna da mai jinya. Na ba ta, Baba. Kakarsa ta, mi zai sa in hana ta? Sai guɗa naj ji daga bayan gida. Ta shigo da shi yana tsala ihu, fuska duk jini, ita ko tana murna har da rawa. Wai jikanta ba zai tashi da fuska kamar ƙwaryar da ba a yi ma zane ba. Wai yanzu ko cikin dubu anka jefa shi za a san ɗan gidan wa na."

"Kin gaya mata umarnin alƙali?"

"Na gaya mata tun isata. Ta ce ina ruwan alƙalin Isa da kumatun Bagobiri? Wallahi ba da mugunta tay yi ba. Gani take gata tay yi mai."

Malam Atiku ya yi wata dariya marar daɗi.

"Gata. Ta rubuta laifinki a inda ba ya wankuwa." Ya dube ta. "Da kinka ga haka, mi ya hana ki zamanki can wajen mijinki?"

"Da na zauna, kai za a ɗaure."

Tsohon ya kau da kai. Gemunsa kawai ke motsi.

Ta matso da gwiwa ta kama gefen rigarsa.

"Baba, in ce wani wanzami mai wucewa nak kira a Tozai. In ce ni nas sa. A yi mini bulala, na yarda, ko nawa ta. Tozai ai ƙasar Isa ta, ban taka sharaɗi ba ke nan…"

"Za a miƙo miki Alƙur'ani ki dafa. Za ki iya?"

Ta saki rigar.

"Goya ɗanki," ya ce a hankali. "Mu tahi da ƙafafunmu. Ba za a ja ɗiyata a titin Isa ina raye ba."

*

Zauren Alƙali Usmanu ya cika har waje. Labari ya riga su isa, cewa ɗiyar Malam Atiku ta ƙi amsa kira. Alƙalin na zaune a kan buzu, gafakar littattafai a gefensa, dogarai biyu a tsaye bayansa.

Labbo kuwa tuni yana nan, a dama da alƙali. Tun ranar da ƙanensa ya ƙetare ya bar shi a Isa, ya koyi jan rawani har ya rufe kumatu, don kada mutane su riƙa tuna irin zanen da ke fuskarsa shi ma.

Saude ta durƙusa. Goyon na bayanta, mayafi ya rufe shi ruf.

Ko gaisuwa ba a ƙare ba Labbo ya gyara murya.

"Allah shi gafarta Malam, ba ni da doguwar magana. A buɗe fuskar yaro kawai."

Saude ta ɗago ta dube shi.

Tun da ta dawo ba wanda ya ga yaron nan. Ko masu kawo mata ruwa daga bakin ƙofa suke ajiyewa. Mahaifinta ma ɗazu ya gani. Amma Labbo bai ce a duba ko yana da lafiya ba, bai ce a tambaye ta inda ta je ba. Fuska ya ce.

"Sauko da shi," in ji alƙali.

Ta kwance majanyi, ta juyo da yaron gabanta, ta yaye mayafin.

Zauren ya ɗauki salati. Wani daga waje ya ce, "Kai! An mai da shi Bagobiri tas!" Wani ya amsa, "Da can mi ne, Balarabe?" Aka yi 'yar dariya, dogari ya daka tsawa, aka yi tsit.

Alƙali ya daɗe yana kallon kumatun yaron.

"Saude ɗiyar Atiku, watan jiya da idona nag ga yaron ga, fuskarsa sumul. Ina anka yi wannan?"

Ta dubi mahaifinta. Ya sunkuyar da kai.

"Sabon Birni, Allah shi gafarta Malam."

"Kin san na hana?"

"Na sani."

"An ɗaure ki anka kai ki?"

"A'a."

"Da wata ya tsaya, na aiko miki. Mi kinka ce a gaya mini?"

Ta dubi ƙasa. "Ƙyanda."

Malam Atiku ya yunƙura ya miƙe. "Allah shi gafarta Malam, ni nat tsaya mata, ni nak kasa tsaro. Duk abin da za a yi, a yi a kaina. Ga ni."

"Zauna, Malam Atiku. Tabarma ɗaya munka yi karatu da kai, amma yau ba abokinka ke zaune nan ba. Za a zo kanka."

Labbo ya buɗe hannuwa yana duban jama'a.

"Ai na faɗa tun farko, anka ce ƙiyayya ta. Yau ta kai shi an tsaga mai fuska, gobe ta kai shi a ba shi baka da kibiya, jibi shi komo shi harbe mu a gonakinmu. Ɗan ƙanena na, jinina na. Ni ke da haƙƙi a kansa."

"Ba tsagen za ni hukunta ba, Labbo," in ji alƙali. "Rabin mutanen da ke zauren ga suna da shi, har da wanda ya rufe nasa." Labbo ya taɓa rawaninsa. "Umarni nab bayar, anka taka shi, anka ƙara da ƙarya. In na kau da kai yau don ta yi kuka, gobe ba wanda zai amsa kiran shari'a a garin ga, kuma raunana irinta su za su fara shan wuya."

Ya juyo gare ta, muryarsa ba tsawa ba tausasawa.

"Riƙon da nab ba ki a kan sharaɗi yake tsaye. Kin kayar da sharaɗin, riƙon ya faɗi. Gidan da ya tsaya miki ya gaza, ba za ni mai da yaro cikinsa ba. Daga yau yana hannun baffansa. Luba matar Labbo tana shayarwa, za ta haɗa da shi. Ke kuma ba ki taka ƙofar gidan sai da izinina."

Kunnuwan Saude suka toshe. Tana ganin bakin alƙali na motsi, yana maganar Malam Atiku, wai zai kwana a hannun dogarai har sarki ya ji, amma maganar daga nesa take zuwa mata, kamar ta cikin rijiya.

Dogari ya matso ya miƙo hannu.

"A'a." Ta ja baya da gwiwa. "A'a, don Allah. Ku yi mini bulala. Ku ɗaure ni a kasuwa. Ku sa ni gidan yari tare da shi, za ni zauna, wallahi za ni zauna har in tsufa. Bai san nonon kowa ba. Ciwon bai warke ba, in ba ni nas shafa mai man shanu ba ba ya barci. Allah shi gafarta Malam, kai ma an haife ka!"

"Miƙa shi, ɗiyata."

"Sammani!" ta ƙwala. "Sammanina ne! Ɗana ne!"

Matan da ke leƙe ta taga suka kama baki. Ɗan fari ne, kuma tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinta, ko a ɗaki, balle a gaban maza. Yau kunya ta ƙare mata. Malam Atiku ya ja hannun riga ya rufe fuskarsa.

Yatsa ɗaya-ɗaya dogarin ya riƙa ɓamɓare hannunta. Yaron ya farka ya fasa kuka. Aka ɗauke shi aka ratsa zauren da shi, aka ɗora a cinyar Labbo.

Hannuwanta suka tsaya a buɗe yadda aka bar su. Nono ya tsatso ya jiƙa mata zane, ba ta ko rufe ba.

Alƙali ya bari kukan ya ɗan lafa, sannan ya ce:

"Saura tambaya ɗaya. Ki saurare ni da kyau, don ita kaɗai ta ƙofar da ta rage miki."

Ta ɗago.

"Mace mai jego ba ta sanin an soki mutum a Sabon Birni tana zaune ɗakinta a Isa. Wani ya kawo miki labari. Wani ya gaya miki hanyar da masu gadi ba su tsarewa. Mai kai magana tsakanin garuruwan ga biyu, sarki ya daɗe yana nemansa, don ta bakinsa anka san ranar da manomanmu za su fita ba rakiya, kuma kin san gawa nawa anka kwaso. Ki faɗi sunansa. In kin faɗa kuma ya tabbata, yaro zai koma ƙirjinki har yaye, a cikin gidana, ƙarƙashin idon iyalina. In kin yi shiru, hukunci ya zauna yadda nay yanke shi."

Idanun jama'a duka suka koma kanta.

Saude ba ta dubi kowa ba. Bayan rumbun mahaifinta take gani, da la'asar ɗin nan da ta fita ɗebo gero. Mutum ya fito daga inuwar rumbun, ya sauke rawaninsa daga kumatu, hawaye na bin tsagensa. Ya ce mu ajiye shari'a gefe, Saude, ƙanena na mutuwa. Ya ce ki bi ta Tsamaye tare da mata masu tallan daddawa, ba a tambayar su. Ya ce ki kai mai ɗansa shi gani, ni za ni rufa miki asiri.

Ta gode masa a ranar. Har addu'a ta yi masa.

Sai yanzu ta gane. Labbo ɗan Inno ne. A hannunta ya tashi, da zanenta a fuskarsa. Ya fi kowa sanin cewa babu yadda za a yi jikan tsohuwar nan ya kwana a gidanta ya fito da kumatu sumul. Bai buƙaci ya sa a bi ta ba, bai buƙaci shaida ba. Tura ta kawai ya yi, ya koma ya zauna yana jiran wata ya tsaya.

Amma akwai wata murya kuma, wadda ta fi ta Labbo nauyi. Ranar da za ta baro Sabon Birni, Almu ya riƙe mata yatsu da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya ce in na tafi, Labbo kaɗai ya rage wa Inno a duniya. Ya ce duk abin da zai faru, kada sunansa ya fito daga bakinki, kansa za a sare. Ki yi mini alkawari, Saude, shi ne guzurina. Ta yi masa, tana sumbatar hannun.

"Muna jin ki," in ji alƙali.

Labbo ya gyara wa yaron kwanciya a cinyarsa, ya yi magana a tausashe, kamar mai ba da shawara.

"Ƙanwata, ki yi tunani kafin ki buɗe baki. Ki tuna da wanda kinka baro kwance."

Sammani ya ji muryar da bai sani ba a kansa, ya sake tsandara ihu. Ya banƙare, ɓawon da ke kuncinsa na hagu ya tsage, jini ya ɗigo a kan farar rigar Labbo. Yana wurwura 'yan hannuwansa, yana juya kai yana neman ta.

"Saude," in ji mahaifinta, "in akwai suna, ki faɗa."

Ta rufe ido. A cikin zuciyarta ta ce, ka yafe mini, Almu, ko ka riske ni da shi gaban Allah.

Sannan ta miƙe tsaye, abin da mace ba ta yi a zauren nan. Dogari ya yunƙuro, alƙali ya ɗaga masa hannu.

"Allah shi gafarta Malam, a kawo Alƙur'anin, za ni dafa."

"Sunan fa?"

Ta miƙa yatsa.

"Ba sai an tahi nesa nemansa ba. Ga shi nan riƙe da ɗana."